Mutumin da Ka Kora daga Zauren Masu Jinya

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa kamar yadda ta kamata, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Ya sa albarka a aikinka, Ya tsare ku daga sharrin da kuke gani da wanda ba ku gani. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Baba yana nan yadda ka san shi, sai dai hannun daman ya ɗan fara motsi. Shekaranjiya har ya riƙe cokali da kansa ya kai baki sau huɗu, a na biyar ya suɓuce masa, ya bi ni da harara sai ka ce ni na fizge. Ciwon da ya so fito masa a ƙugu ya bushe, alhamdu lillahi. Baban yara ya samu sauƙin bayan nan nasa ya koma aiki. Babbar 'yarka ta fara jarrabawa, ƙaramar kuma ta zubar da haƙora biyu, tana bin kwastomomina tana nuna musu giɓi. Ɗinki yana tafiya, idona ne dai ya fara neman tabarau.

To, gaisuwa ta ƙare. Auta, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Sau uku na kira ka jiya, sau uku ka turo mini cewa kana cikin taro. Shi ya sa na ɗauko biro na yagi tsakiyar littafin da nake rubuta awon mutane, zan ɗauki hoton shafukan in tura maka, in kuma tura wa matarka don kada ka ce ba ka gani ba. Dama a waya ba ka barin mutum ya kai aya, da na buɗe baki sai ka ce Yaya ba ki gane yadda abin yake aiki ba. Yau ka karanta har ƙasa. Akwai wata mata kwance a ɗaki, ɓarin jikinta a shanye, yau kwana goma sha tara rabonta da maganin hawan jini, kuma hannunka yana cikin wannan magana dumu-dumu.

Ba na musun cewa kai ka buɗe mana zauren masu jinya a waya, shekara huɗu da suka wuce, lokacin da Baba ya faɗi muka rasa wanda za mu tambaya yadda ake juya babban mutum a gado ba a ji masa ciwo ba. Allah Ya saka maka. Amma tun daga ranar, wa ya tsaya a bakin ƙofa? Duk ɗaruruwan mutanen da ke ciki, babu wanda ya shiga ban yi magana da shi ba. Tambayata ba ta canzawa, kuma da murya nake yin ta, ba da rubutu ba: wa kake jinya, wane ɓari ne ya shanye, me ya fi ba ka wahala jiya. Ka sha yi mini dariya, wai aikin mutanen zamanin da nake yi. To, wannan aikin na mutanen da shi ya tsare zauren nan shekara huɗu. Mai jinya na gaskiya ba ya amsawa da wuri, sai bayan awa uku, ka ji shi yana haki, wani na kiransa daga ɗaki, ya ce ɓarin hagu ne, jiya ya ƙi yarda a yanke masa farce har ya tofa mini yawu. Wata ma kuka take fashewa da shi ta katse, sai gobe ta dawo ta ba da haƙuri. Ɗan damfara kuwa kafin ka ajiye wayar ya amsa, da doguwar sallama, da addu'a ga dukkan marasa lafiyar duniya, amma ka tambaye shi wane ɓari sai ya ce jiki dai gaba ɗaya. Majinyacinsa ba ya wari, ba ya masifa, ba ya ƙin abinci. Shi kansa ba ya taɓa gajiya, alhali ni da ke son Baba kamar raina akwai ranar da nake shiga banɗaki in rufe ƙofa don kawai in huta da kiran sunana. Mai jinya da tambaya yake shigowa, su kuwa da amsa suke shigowa, kuma ba sa zuwa su kaɗai. In ɗaya ya shiga yau, ka jira kwana biyu za ka ga wani sabo ya shigo yana rantsuwa cewa maganin wancan ne ya tashi kakarsa. Daga nan sai su fara bin mutane ta gefe ɗaya bayan ɗaya.

Sau ɗaya tak na yi kuskuren ce maka na gaji, wata biyu da suka wuce, ranar da Baba ya yi zazzaɓi ga ɗinkin mutane ya taru. Ban ce ka karɓe ƙofar ba, tausayi kawai nake nema irin na 'yan'uwa. Washegari na tashi na tarar ka cire ni daga admin, ka saka na'urarka mai tsaron ƙofa, ka rubuto wa jama'a cewa ka sauke wa Yaya nauyi. Ko shawara babu. Ka jera mata dokoki: wanda ba shi da hoto, wanda ya maimaita saƙo fiye da sau biyu, wanda ya sa lambar waya a saƙonsa na farko, wanda bai latsa wurin da aka ce ya latsa cikin minti goma ba, duk a yi waje da shi a toshe. Na ce maka rabin matan da ke zauren ba su da hoto, wasu wayar miji ce a hannunsu. Ka ce waɗanda ke ciki sun riga sun shiga, sababbi ake magana. Haba Auta, sababbin ai su ne a rikice, su ne ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Ta wannan ƙofar taka mai tsafta wadda ke kiran kanta Anti Nas ta shigo. Ga hoto cikin farin kaya fes, ga murmushi, ta latsa abin latsawa cikin daƙiƙa biyu, ta gaishe da manya da ƙanana. Kullum da safe ita ce farkon yi wa marasa lafiya addu'a. Sati guda ba ta tallata komai ba, na kuwa ce a raina wannan ta iya. Na bi ta gefe na yi mata tambayata duk da ba ni da iko, ta ce mahaifiyarta take jinya, na ce wane ɓari, ta ce ai Allah ne mai warkarwa. Bayan kwana uku wasu biyu suka shigo, su ma da hotunansu, suna gode mata a kan wani ruwan magani. Na turo maka duk wannan. Ka ce ba ta karya doka ko ɗaya ba, zato ba hujja ba ne, kada in kore mana mutanen kirki. Na haɗiye.

Yanzu ga mutumin da ka kora. A ɗakin gashin ƙashi na asibiti na san shi, inda nake kai Baba duk Alhamis. Dattijo ne mai walda, zai yi shekara sittin, matarsa ce ta faɗi wata uku da suka wuce. Da hannunsa yake ɗauko ta daga mota har kan benci, ba ya yarda ma'aikata su taɓa ta, in ya zaunar da ita sai ya gyara mata ɗankwali ya goge mata gefen baki da hankicinsa. 'Ya'yansu biyu suna can nesa, kamar wasu da na sani. Wutar walda ta cinye masa ido, kullum ja wur suna hawaye, ƙananan rubutu ba ya ganinsu sam. Yatsunsa kuwa sun yi kanta, sun ƙone sun warke sun sake ƙonewa, in ya taɓa fuskar waya sau da yawa ba ta ma san an taɓa ta ba. Ya ce mini, 'yata yake kirana, matar tana ƙwarewa in ya ba ta ruwa, ƙwayar magani kuma tana maƙale mata, likita ya yi masa bayani amma cikin sauri, shi kuma ya ji nauyin sake tambaya. Ni da bakina na ce masa ya shigo zaurenmu, akwai waɗanda suka sha wannan wahalar, za su faɗa masa abin da zai koma ya tambayi likita. Ni na rubuta masa yadda zai shiga a bayan katin asibiti. Laifina ne da ban karɓi lambarsa ba, an kira sunan Baba na tashi da sauri.

Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Yana ganin zaure ne na masu ilimi, ya ji kunyar ya shigo musu da maganarsa ta bakin titi. Sai ya wanke hannu ya tafi shagon mai buga takardu da ke kusa da shagonsa, wanda ke rubuta wa mutane takardar neman aiki, ya ce ya tsara masa saƙo mai kyau. Shi kuwa ya tsara abin da ya saba. Ya fara da zuwa ga duk wanda abin ya shafa, ya ce ina mai farin cikin gabatar da kaina, ya ce ina neman taimakonku cikin gaggawa, ya rufe da lambar waya da naku mai biyayya. Ya shigar da shi zauren, ya bar masa saƙon a shirye, ya nuna masa inda zai latsa in ya koma ya natsu. Dattijo ya latsa, bai ga alamar ya tafi ba, ya sake latsawa da ƙarfi. Sau biyar. Ba hoto, ga lamba, ga maimaici, abin latsawarka kuwa bai ma san da shi ba. Na'urarka ba ta yi minti ɗaya ba ta yi waje da shi.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na'ura ce, ba ta da hankali. Amma kai kana da shi. Ina banɗaki ina yi wa Baba wanka, na fito hannuna da kumfa na tarar ka ɗauki hoton saƙon ka liƙa a zaure, ka rubuta cewa ga irin 'yan damfarar da kake tare mana, a dubi yadda suke tsara magana, a yi hattara. Lambarsa tana jiki ɓaro-ɓaro, ko rufe ta ba ka yi ba. Jama'a suka yi masa ca. Wannan ya ce ɓarawon ma bai iya sata ba, waccan ta ce naku mai biyayya ta jera dariya, Anti Nas ta ce Allah Ya shirye shi. Ni kuma na buɗe hoton na karanta, a tsakiyar duk wannan ƙaƙale na ga layi ɗaya: idan na ba ta ruwa yana fitowa ta hancinta. Ɗan damfara ba ya rubuta haka, sai wanda ya tsaya da kofi a hannu ya gani da idonsa. Na turo maka na ce a sake dubawa, ka ce Yaya ki bar na'ura ta yi aikinta. Ga mata biyu zaune suna jiran kayansu, ga Baba yana kira, sai na ajiye wayar. Lambar tana gabana ban kira ba. Wannan nawa ne, ba zan ɗora maka ba, kuma yana ci na har yanzu.

Alhamis ta zo ban gan su ba. Wata Alhamis ta zo, shiru. Na tambayi mai gashin, ta ce rabonta da su tun ranar da muka zauna tare. A nan ne abin ya haɗu a kaina, na koma na nemo hoton nan naka na kira lambar, aka ƙi ɗauka. Jiya da hantsi na bar Baba da baban yara, na bi kwatancen da ya taɓa yi mini, layin masu facin taya, bayan gidan mai. Na same shi durƙushe yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya gane ni, ya amsa gaisuwata a daƙile, ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya cikin tartsatsi har ya gaji ya kashe injin. Ya ce ai ya gode, ya shiga inda na tura shi an ce shi ɓarawo ne, shekara arba'in yana yi wa mutane ƙofofin da ke tsare su daga ɓarayi, ko ƙusa bai taɓa ɗauka ba. Na ce wa ya gaya masa. Ya ce wata baiwar Allah nas ce daga cikin zauren, ita ta kira shi ko awa ɗaya ba a yi ba, ta turo masa hoton da duk dariyar da aka yi, mai buga takardu ya karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ta saurare shi fiye da rabin awa ba ta katse shi ba, kuma a duk mutanen nan ita kaɗai ce ta tambaye shi sunan matarsa.

Ya kai ni gidan, ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida a bayan shagon. Wallahi Auta ɗakin ya fi na Baba tsafta. Ya ƙera mata ƙarfe a gefen gado da za ta riƙa kamawa, ya naɗe shi da tsumma don kada ya yi mata sanyi. A kan kujera ga robobi uku na wani ruwa baƙi-baƙi, ba suna ba komai, wanda Anti Nas ta aiko masa a mota. Magungunan asibiti kuwa suna cikin gwangwani a saman kwaba, an ɗaure da leda. Ta ce masa ƙwayoyin ne ke toshe mata maƙogwaro, ya daina ba ta gaba ɗaya, kuma mutanen zauren 'yan koren asibiti ne, shi ya sa suka kore shi. Na fito da abin awon jinin Baba da na taho da shi na ɗaura mata. Abin da na gani ya wuce duk awon da na taɓa yi wa Baba. Matar ba ta iya magana sosai, amma ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya ta ƙi saki, tana ƙoƙarin nuna mini cewa bayan kanta na mata ciwo. Ka san abin da likitan Baba ya ce mana game da faɗuwa ta biyu, ba sai na maimaita maka ba.

Na yi magana har bakina ya bushe. Na lissafa masa duk alamun da na lissafa maka, na ce matar nan ko ɓarin da uwarta ta shanye ba ta iya faɗa ba, na ce masu yabon nata nata ne. Ya saurare ni tsaf, don mutum ne mai kunya. Da na gama ya yi mini tambaya ɗaya. Ya ce in har ita ce 'yar damfarar, kuma masu zauren sun iya gane 'yan damfara kamar yadda suka rubuta, me ya sa shi aka kora ita kuma tana ciki har yau tana yi wa mutane addu'a. Auta, ka ba ni amsar da zan ba shi. Na buɗe wayata a gabansa da niyyar in cire ta ya gani da idonsa, sai na tuna ba ni da iko, ka sauke mini nauyi. Ban taɓa jin takaici irin na lokacin nan ba. Da ƙyar na samu ya ce zai ajiye baƙin ruwan na kwana biyu, amma gwangwanin bai sauko ba, kuma ya ce ba zai ɗauki matarsa ya kai ta inda ake yi masa kallon ɓarawo ba.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake yi ba. Ka cire Anti Nas da 'yan amshin shatanta biyu yau, ka faɗa wa jama'a dalili, don ban san mutum nawa ta bi ta gefe ba. Ka goge hoton nan. Sannan ka yi magana a zauren da muryarka, ba rubutu ba, domin ba ya gani, ka ce mutumin da ka kira ɗan damfara mai jinya ne kamar kowa, kai ka yi kuskure. Kada ka ce na'ura, kada ka ce an samu matsala, ka ce ni. Ka turo mini in kai masa ya ji da kunnensa. In kana son na'urarka ta zauna ta zauna, ta riƙa tsayar da baƙo a bakin ƙofa har in zo in tambaye shi, amma kada ta ƙara korar kowa. Na riga na gaya wa mai gashin halin da ake ciki, ta ce za ta sa likita ya gan su da zarar sun iso, baban yara kuma ya ce zai kai mu da mota gobe da safe ba sai an jira Alhamis ba. Abin da ya rage dattijon ya yarda ya buɗe ƙofa. Ban ce ba ka da zuciya ba, na san don ni ka yi. Amma ba ka taɓa tsayawa da kofi a hannu ruwa yana dawowa ta hancin Baba ba, shi ya sa ka karanta layin nan ka wuce.

Ka gaishe mini da amaryarmu, ka ce na gode da maganin shafawar da ta aiko wa Baba, ta kuma yi haƙuri da na sa ta cikin faɗanmu. Ka shafa mini kan 'yan biyu da takwarar Inna. Baba na gaishe ka, in an ambaci sunanka har yanzu sai ya juya ya kalli ƙofa. Baban yara da 'ya'yanka suna gaisuwa, Gwaggo ma da ta zo ranar Asabar ta ce in gaya maka ka yi ƙiba a hoto.

Saura abu ɗaya. Da zan fito, dattijon ya rako ni har bakin titi, ya ce 'yata, wai shi wanda ya rubuta cewa ni ɓarawo ne, kin san shi? Auta, ni da na goya ka, ni da ke cika wa mutane baki da kai har suna gajiya, na dubi mutumin nan na ce ban san shi ba. Gobe zan koma gidan, kuma ba zan yi masa ƙarya sau biyu ba. Ka zaɓi abin da zan riƙe a hannu in na ce masa ƙanina ne.

Wassalam.

Yayarka, uwa ɗaya uba ɗaya.